Mako na Hamsin da Uku

Sau biyu na taɓa mantawa da 'yata a makarantar reno kafin ranar da zan ba ku labarinta. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani mai tausayi ya ɗauka zaluntata aka yi. Ba wanda ya zalunce ni. Ni Lovisa, da hannuna da kwamfutata na yi wa kaina.

Karon farko Tuva tana 'yar shekara uku. Torkel, shugaban rukuninmu a wurin aiki, ya ce in tsaya taron minti goma, taron ya cinye minti hamsin. Karo na biyu kuwa ba ni da wanda zan ɗora wa. Na toshe kunnuwana ina farautar wani kuskure a manhaja, ɗago kan da zan yi sai na ga ƙarfe shida da kwata. Uwar tsohon mijina ce ta hau bas tun daga garin Kungälv, da ciwon ƙugunta da komai, ta je ta ɗauko yarinyar.

Rasmus, uban Tuva, aikin jirgin ruwa yake yi, mako guda a teku, mako guda a tudu. Shi ya sa da muka rabu, rabon yarinya bai ba mu wahala ba: makon da yake gida tana wurinsa, makon da ya tafi tana wurina. Ranar Litinin ake musaya. Ɗaya ya kai ta makaranta da safe, ɗaya ya ɗauko ta da yamma, ba sai mun ga fuskar juna ba. Amma bayan karo na biyun nan, yana sauka daga jirgi gidana ya nufo. Ya tsaya a kicin, ko rigar ruwansa bai cire ba.

"Ba faɗa ya kawo ni ba, Lovisa," in ji shi. "In aka sake, zan ajiye aikin jirgi in nemi na tudu, Tuva ta dawo wurina gaba ɗaya. Ki riƙa ganinta Asabar da Lahadi, sau biyu a wata."

"Barazana kake mini a cikin gidana?"

"A'a. Sanar da ke nake yi."

Da ihu ya yi, da na samu abin ramawa. Amma Rasmus irin mutanen nan ne da in suka ce ran Laraba za su gyara famfo, to ran Laraba ruwa zai daina ɗiga. Na san da gaske yake, kuma tsoro ya kama ni sosai.

To me mai rubuta manhaja za ta yi in ta tsorata? Manhaja za ta rubuta mana. Mu dai a nan komai da lambar mako muke yi, hutu, ganin likitan haƙori, wankin matakalar bene. Na duba kalanda na ga makonnina kullum a kan biyu, huɗu, shida, takwas suke faɗawa, na Rasmus kuma ɗaya, uku, biyar, bakwai. Sai na koya wa wayata: ki duba lambar mako, in ta rabu biyu daidai, makon Tuva ne. A irin wannan makon allon waya yakan koma rawaya, ƙarfe uku da rabi ƙararrawa ta tashi, ba ta yin shiru sai na yi taku ɗari biyu, kuma kiran makaranta ya shigo ko me nake yi. A ɗaya makon kuma allo ya koma ruwan toka, waya ta toshe kowane kira da kowane saƙo in ba na ofis ba, don in cike aikin da na bari.

Wata tara abin nan yana aiki kamar me. Ko minti ɗaya ban makara ba. Gunilla, malamar su Tuva, dattijuwa mai gajeren farin gashi wadda ba ta yabon mutum a banza, har ce mini ta yi, "Kin gyaru fa." Na ji daɗi kamar an ba ni lambar yabo. Na nuna wa mutanen ofis, biyu ma suka ce in ba su. Daga nan na daina ƙirga kwanaki da kaina, don ai saboda haka na rubuta abin.

Kirsimeti ta faɗo a mako na hamsin da biyu, Tuva tana wurina. Muka ci shinkafa da madara, ta samu takalmin zamiya a kan ƙanƙara, ta kwana rungume da shi. Ranar Litinin ta koma wurin ubanta, ni kuma na karɓi aikin ko-ta-kwana na makon sabuwar shekara, tunda masu yara a gida kowa ya gudu. Kwana bakwai ina zaune a falo da rigar barci da kwamfuta a cinya, rana ta fito ƙarfe tara ta faɗi ƙarfe uku, ban san Talata ba ban san Juma'a ba.

Litinin ta farkon shekara, ƙarfe shida da minti goma, Torkel ya kira.

"Kin tashi? Yi haƙuri, yi haƙuri. An samu 'yar matsala."

Duk ranar da Torkel ya ce 'yar matsala, to gobara ce. Kamfaninmu manhajarsa ce ke tsara wa manyan motoci inda za su kai abinci. Akwai ƙananan shagunan ƙauye da ake kai wa kaya mako biyu sau ɗaya. A safiyar nan motoci arba'in da wani abu sun kama hanyar garuruwan da aka riga aka cika wa shaguna a makon jiya, waɗanda ke jira kuma ko gwangwanin wake ba a tura musu ba.

Na duba allon waya. Ruwan toka. Wani abu ya ɗan taɓa ni a ƙirji, irin na wanda ya fita gida yana shakkar ko ya kashe murhu. Na ce kewar yarinya ce kawai, na zura takalmi na fita.

Mu uku muka kulle kanmu a ƙaramin ɗakin taro, ni da Torkel da Pontus, abokin aikina mai gemu wanda bakinsa ba ya hutawa. Torkel ya kawo burodin kirfa guda goma sha biyu, ya ajiye a tsakiyar tebur.

"Kun san dai a nan iyali ne farko," ya ce. "Duk mai uzuri ya tafi, ba wanda zai ce komai."

"Amma?" in ji Pontus.

"Amma ba wanda ya san tsohon ɓangaren nan kamar ku biyu."

"Ka ji. Ƙofa a buɗe take, an dai ɗaure mana ƙafa ne."

Na ce ni ba ni da uzuri, makon Rasmus ne. Da bakina na faɗa, har da 'yar dariya.

Wanda bai taɓa wannan aiki ba ba zai gane yadda yini ke ɓacewa a cikinsa ba. Kana bin zare ɗaya, ya kai ka ga wani, kullum ji kake saura kaɗan. Mun zargi taswira, mun zargi agogon na'ura, mun zargi wani gyara da aka yi kafin hutu, muka warware shi, ba abin da ya canja. Kowane rabin sa'a mutumin ma'ajiyar kaya ya kira Torkel, Torkel ya fita waje ya sha zagi ya dawo yana murmushin dole. Azahar ta wuce, duhu ya shiga, burodi ya ƙare. Kuma gaskiya ɗaya da nake jin kunyar faɗa ita ce, daɗi nake ji. Ina son irin wannan farauta. Ba abin da ke kama hankalina gaba ɗaya kamarta.

Ƙarfe bakwai da minti ashirin na gan shi. Layi ɗaya tak, wani da ya bar kamfanin tun shekara huɗu ya rubuta.

"Ku zo ku ga abin kunya," na ce. "Mutumin nan cewa ya yi a duba lambar mako. In ta rabu biyu a kai wa waɗannan shaguna, in ba ta rabu ba a kai wa waɗancan."

"To ina laifin?" Torkel ya tambaya.

"Shekarar da ta wuce mako hamsin da uku gare ta, ba hamsin da biyu ba. Daga hamsin da uku aka faɗa ɗaya. Duka biyun ba sa rabuwa. Sai na'ura ta maimaita makon jiya."

Pontus ya kwashe da dariya ya buga tebur. "Wane jaki ne wannan? Nemo mini sunansa in aika masa kalanda."

"Mutum ya yi shekara biyar a jami'a," na ce, "amma bai san shekara takan kai mako hamsin da..."

Ban ƙarasa ba. Makon jiya Tuva tana wurin ubanta. Ke nan wannan nawa ne. Tun safe Rasmus ya kai ta makaranta ya hau jirgi. Makaranta kuma ƙarfe biyar da rabi take rufewa.

Na fizgi waya na cire toshewar. Saƙonni suka zubo. Na Rasmus tun ƙarfe takwas saura: ya kai ta, safar hannunta ɗaya ta ɓata, in saya mata wata. Kiran makaranta goma sha huɗu. Sai wata lamba da ban sani ba, sau uku.

Ban tuna yadda na sauka daga hawa na shida ba. Ko rigar sanyi ban ɗauka ba. Ruwa da ƙanƙara suna zuba tare, na tsaya tsakiyar titi ina ɗaga wa kowace mota hannu har wata tasi ta tsaya don kada ta take ni. A cikin motar na kira Gunilla.

"Gani nan, Gunilla, don Allah, gani nan. Minti goma sha biyar."

"Tana lafiya," ta ce. "Ki zo a hankali." Daga jin muryarta na san an riga an yi abin da nake tsoro.

Duk tagogin makarantar duhu, sai ɗaya. A ɗakin ajiye takalma na same su. Gunilla na zaune da jakarta a cinya, gefenta wata mata da katin aiki rataye a wuya, daga hukumar kula da yara. Tuva kuma tana kan ɗan benci, sanye da rigar sanyinta mai haɗe da wando, an ja zif har wuya, hula a kai, safar hannu ɗaya, jakarta a baya. Fuskarta ta yi ja don zafi.

"Tun ƙarfe huɗu take haka," in ji Gunilla a hankali. "Ta ƙi yarda a cire mata. Wai kada ki zo ki tarar ba ta shirya ba. Ko banɗaki ta ƙi zuwa."

Na durƙusa na rungume ta, na ji rigar a jiƙe daga ƙasa. Ta sa baki a kunnena ta ce, "Kada ki faɗa wa Gunilla." Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, irin mai majina, a gaban baƙuwa.

Matar hukuma ta yi mini tambayoyi cikin ladabi. Ko na sha wani abu, ko ina da lafiya, ko akwai abinci a gida. Na fara yi mata bayanin mako hamsin da uku, tana gyaɗa kai tana rubutu, ni kuma ina jin yadda maganar ke fita kamar ta mahaukaciya. Da ta fita na kama hannun rigar Gunilla.

"Ba za a iya barin maganar nan a tsakaninmu ba? Sau ɗayan nan. Kin san abin da Rasmus ya ce."

"Na sani. Na kira ki, na kira shi yana teku, na kira kakarta tana Spain gudun sanyi. Sa'a guda na jira bayan an rufe, alhali rabin sa'a doka ta ce. Takarda za ta je muku ku biyu, Lovisa. Ba ni na tsara haka ba." Ta cire rigarta ta saƙa ta yafa mini. "Ki kai yarinya gida ta yi wanka."

Wannan makon ban san inda na sa kaina ba. Na goge manhajar, na rubuta ranaku a takarda na manna a firji, a ƙofa, a madubin banɗaki. Kullum ƙarfe uku ina tsaye bakin shingen makaranta cikin ruwa kamar ɓarauniya. Na rubuta wa Rasmus saƙo mai tsawon shafi uku, har da zanen kalanda da kibiyoyi, ina nuna masa cewa kuskuren nan sau ɗaya yake faruwa a shekara biyar ko shida, kuma na gyara. Da jirginsu ya matso gaɓa ya amsa da layi ɗaya: ya gane bayanin, Litinin zai dawo.

Na je wurin Torkel na ce a cire ni daga aikin ko-ta-kwana, a rage mini kwanakin aiki zuwa uku.

"Haba Lovisa, ai da kin faɗa tuntuni," ya ce, idonsa har da ƙwalla. "Ba matsala ko kaɗan. Sai dai a bari zuwa mako na goma sha biyu. Kin san Pontus zai tafi hutun haihuwar matarsa, kuma ke kaɗai ce..."

"Ni kaɗai ce uwarta ma."

"Gaskiya ne, gaskiya ne. To mako na goma?"

Na kalle shi ina son in kifa masa kofin kofi a kan farar rigarsa. Mutumin kirki ne fa, shi ne abin haushin. Na ce ya rubuta duk makon da ya ga dama, na fita.

Ƙarshen wata aka kira mu ofishin sasanta iyaye. Ɗaki mai labule kore, tebur, kwalin takardar share hawaye an ajiye shi daidai gefena tun kafin in zauna. Rasmus ya riga ya samu aiki a tashar jiragen ruwa, ƙarfe bakwai zuwa uku. Bai ɓata lokaci ba.

Na zo da shirina. Na ce zan bar aikin baki ɗaya, ga takardar ma na rubuta, sa hannu kawai ya rage. Na ce zan koma gyaran kwamfutocin makarantu, ko sayar da burodi, ko me ma. Na ce ya ba ni wata shida ya gani. Na roƙe shi da abin da ban taɓa roƙon namiji da shi ba, har matar da ke sasantawa ta sunkuyar da kai.

Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Ban ce ba kya sonta ba."

"To mene ne?"

"Ni a tsakiyar teku, ba waya ba kalanda, in ka tashe ni daga barci zan gaya maka saura kwana nawa in gan ta. Ke kwana bakwai ba ta gidanki, Lovisa. Rana ta takwas ta zo, jikinki bai gaya miki komai ba?"

"Ya gaya mini."

"To?"

"Na duba waya, waya ta ce a'a."

Ni kaina da na ji amsar a fili, na san shari'a ta ƙare. Wata lauya da na tuntuɓa ta riga ta ce mini in na kai kotu ina da dama, amma za a ɗauki shekara, kuma sai an zaunar da Tuva an yi mata tambayoyi a kan wannan yammacin. Yarinyar da ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa ta jiƙa wando. Na karɓi biro na sa hannu. Asabar da Lahadi, sau biyu a wata, a sake dubawa bayan shekara.

Litinin ta ƙarshe da na kai ta makaranta, mun hau jirgin ƙasa na cikin gari mun samu kujera ta taga. Na kwana ina shirya yadda zan gaya mata, kalmomi masu taushi, cewa ba laifinta ba ne, cewa Mama tana nan. Ashe ubanta ya riga ni.

"Baba ya ce yanzu shi zai riƙa ɗauko ni," ta ce, tana zana wani abu da yatsa a raɓar gilashi.

"Haka ne."

"Kullum?"

"Kullum. Ni kuma ranar Asabar zan..."

"Kullum-kullum? Har ran Litinin?"

"Har ran Litinin."

Ta cire yatsa daga gilashin. Sannan ta juyo ta ɗan bubbuga bayan hannuna, yadda Gunilla ke yi wa yaran da suka faɗi.

"To shi ke nan, Mama. Kin huta. Ba sai kin riƙa tunawa ba."

Na duba fuskarta ina neman ɓacin rai, ko ɗan kaɗan ne, in samu abin riƙewa. Babu. Kafaɗunta sun sauka, tana kaɗa ƙafafu, har ta fara 'yar waƙa a hanci. Hankalin yarinyar ne ya kwanta, kuma rabona da in gan ta haka na manta.

Jirgi ya tsaya a tasharmu, ta riga ni sauka.